Doguwar bindiga mai cin harsashin fistol: ta araha abin dogaro ce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune ne a jihar Ohio ta Amurka da iyalina, kuma ina da takardar zama ta dindindin. Kwanan nan na fara bin abokan aikina zuwa filin koyon harbi, har na yi sha'awar in mallaki tawa, don atisaye da kuma ajiyewa a gida. Na ga wasu dogayen bindigogi masu cin harsashin fistol na 9mm, waɗanda a nan ake kira PCC. Wata kuɗinta bai wuce dala 300 da 'yan kai ba, wata kuwa ta haura 1,500. Wani abokina ya ce in rabu da masu arahar, araha ba ta ado, ranar da zan buƙace ta ranar za ta cije. Shin haka ne, ko kuwa suna ne kawai ake saya da tsada?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Ado kam ba ta da shi. Amma batun cijewa, a wannan rukunin bindigogin, araha da rashin aminci ba tare suke tafiya ba, kuma dalilin yana cikin yadda ake ƙera su.

Harsashin doguwar bindiga irin ta soja yana da ƙarfin da dole sai an kulle sakatar bindigar kam a bayan bututu kafin ya tashi, sannan wata dabara ta buɗe ta bayan harsashin ya fita. Wannan kulli da buɗewar su ke cin ƙarafa masu yawa da aikin inji mai tsada. Harsashin 9mm bai kai nan ba. Ana iya riƙe shi da nauyin sakata da ƙarfin sifirin kawai: albarushi ya tashi, harsashi ya yi gaba, kwanso ya tura sakatar baya, ta jefar da shi, sifirin ya dawo da ita ta ɗauko na gaba. Shi ke nan. Sassan da ke motsi kaɗan ne, abin da zai lalace ma kaɗan ne. To ka ga arahar daga sauƙin tsarin ta fito. Masu tsadar, irin dangin MP5 na kamfanin Heckler & Koch, suna da dabarar jinkirta buɗewar sakata, abin da ke sa su laushi a kafaɗa. Laushin ake biya da kyan aiki, amma mai sauƙin tsari ita ma tana tashi duk sanda aka ja kunama.

Tunanin kansa tsoho ne. Tun zamanin Winchester 1873, mutanen yammacin Amurka suke son doguwa da gajera su ci harsashi iri ɗaya, wato .44-40, don kada mutum ya riƙa ɗaukar kaya biyu. Yau 9mm ne ya gaji wannan matsayin, domin yana cikin mafi arha da sauƙin samu a kantunan ƙasar.

Bari mu ɗauki ukun da na tabbata su ka gani a kanti.

Ta dala 300 da 'yan kan nan, kusan babu shakka Hi-Point 995 ce, kuma a jiharku ake ƙera ta, a garin Mansfield. Ta fito ne a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da dokar tarayya ta 1994 ta hana sayar wa farar hula sabbin gidajen harsashi masu cin fiye da 10, shi ya sa har yau gidan harsashinta na asali 10 yake ci. Ba ta da kyan gani, robar jikinta kauri gare ta, kunamarta tana da nauyi, kuma warware ta don wanki aiki ne da ke buƙatar kayan aiki da haƙuri. Duk wannan gaskiya ne. Amma a tsakanin mutanen da suka daɗe suna harba ta, sunan da ta yi shi ne tana tashi, kuma tana samun abin da aka saita a nisan mita 25 zuwa 50 ba tare da wahala ba. Abin da nake ganin ya fi komai daraja a cinikinta shi ne garanti: na har abada ne, kuma yana bin bindigar ne ko da ta sauya hannu. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Raunin da ya fi damuna da ita shi ne gidan harsashin nata ne ita kaɗai, ba ya shiga fistol ɗin kamfanin Glock, na Glock ba ya shigarta.

Ta biyu Kel-Tec SUB-2000, daga garin Cocoa na Florida, wadda ta shigo kasuwa a 2001. Ita abin da take sayarwa shi ne naɗewa: tana karyewa biyu ta koma kusan inci 16, nauyinta kuma bai wuce kilo 2 ba. Akwai masu cin gidan harsashin Glock da na wasu fistol-fistol. Sai dai rashin nauyin nan a kafaɗa da kunci ake biyansa, domin kuncinka a kan bututun ƙarfen da sakata ke kai-komo a ciki yake kwanciya, kowane harbi kana jinsa a fuska. Samfuran farko kuma in ka ɗora madubin saiti ba sa naɗuwa, sai a samfuri na uku aka gyara wannan. Idan ta hannu za ka saya, ka duba lambarta da kyau: kamfanin ya taɓa kiran a dawo da wasu da aka ƙera a 2017 saboda matsalar gashin ƙarfen bututu. Ni dai ba na ba sabon mai koyo shawarar farawa da ita, sai in naɗewar ce ainihin buƙatarsa.

Ta uku Ruger PC Carbine, wadda ta fito a ƙarshen 2017. Kuɗinta ya kai kusan ninki biyu na Hi-Point, wato tana bakin iyakar abin da za a kira araha, amma a nan ne nake ganin kuɗi ya fi sayen abu. An saka wani dunƙulen ƙarfen tungsten a cikin sakatarta don rage tsalle da bugu. Tana rabuwa biyu cikin daƙiƙoƙi. Tana zuwa da mazauni biyu, ɗaya na gidan harsashin Ruger, ɗaya na Glock. Hannun ɗana ta da maɓallin sakin gidan harsashi ana iya mai da su hagu ko dama, bahago ma ya samu shiga. Nauyinta ya ɗan haura kilo 3, wasu suna kukan haka, amma ga mai koyo nauyin taimako ne, shi ke kwantar da ita. Smith & Wesson ma sun fito da tasu mai naɗewa a 2023, M&P FPC, a kusan wannan farashin.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya ka yi tunani, domin nan ne abokinka ya ɗora laifi a inda ba nan yake ba. A abin da na gani a filin harbi, yawancin cijewar waɗannan bindigogin daga gidan harsashi take farawa. Leɓensa ya ɗan buɗe ko ya lanƙwashe, ko sifirinsa ya gaji, sai harsashi ya shiga a karkace. Na taɓa zama da wani bawan Allah da ya riga ya yanke shawarar sayar da tasa, wai ba ta wuce harbi biyar ba ta tsaya ba. Muka duba, ashe dogayen gidajen harsashi masu arha ya sayo na wani kamfani daban. Da muka mayar da na asali, ta cinye akwati biyu ba ta yi ko tari ba. Don haka ka sayi na asali, ka rubuta wa kowanne lamba, wanda ya ba ka matsala sau biyu ka fitar da shi daga aiki.

Na biyu harsashin kansa. Mai kan zagaye, wanda ake atisaye da shi, kusan kowace bindiga tana haɗiye shi. Mai rami a ka, wanda ake ajiyewa don tsaron gida, shi ne wani lokaci yake tuntuɓe a bakin bututu, kuma kowane kamfani da siffar nasa. Ba a sanin wanda taka take so sai an gwada. Na uku datti. Wannan tsarin na turin kwanso yana mayar da hayaƙi da toka cikin bindigar fiye da sauran, saboda haka wanki da ɗan mai dole ne.

Shi ya sa aminci ba a karanta shi a jikin kwali. Kamfanin da ke sayar da araha yakan rage kuɗi ne a wajen gogewa da tsananin duba kowace ɗaya kafin ta fita, ta yadda a cikin masu kyau da yawa za a iya samun wadda ta fito da aibi. Maganinsa ka gwada taka. Ka wanke ta tun tana sabuwa, ka harba 300 zuwa 500 na atisaye da duk gidajen harsashinka, sannan aƙalla 50 na irin wanda za ka ajiye. In aibi ne daga masana'anta, a nan zai bayyana, kuma nan ne garanti zai yi maka rana.

Kada kuma tsawonta ya ruɗe ka. Dogon bututu yana ƙara wa 9mm gudu, amma ba sosai ba: abin da ke fita daga fistol a kusan mita 350 cikin daƙiƙa, a bututun inci 16 sai ya kai wajen 400. Harsashin 5.56 na bindigar soja kuwa yana haura 900. Wato fistol ce mai kafaɗa. Ribarta ita ce riƙo: hannu biyu, kafaɗa da kunci duk suna tallafe da ita, sai ka ga wanda ke fama da fistol a mita 10 yana samun saiti a mita 50 tun ranar farko. Ƙararta ma ba ta kai ta bindigar soja ba, ko da yake abin toshe kunne da tabarau wajibi ne. Bayan mita 100 harsashin ya fara faɗuwa sosai, kuma ba ta dace da farautar manyan dabbobi ba. Wani abin da mutane ke kuskure a kai shi ne zaton wai tunda harsashin fistol ne ba zai ratsa bango ba. Bangon cikin gidajen Amurka allo ne marar kauri, 9mm yana ratsa shi, har fiye da ɗaya. Duk mai ajiye ta a gida dole ya san ɗakin da ke bayan kowane bango.

Ta fuskar doka, mai takardar zama ta dindindin yana iya saya a hannun dillali mai lasisi, ya cika fam mai lamba 4473, a binciki tarihinsa. Mai bizar ziyara ko ta karatu hukuncinsa daban ne, kuma ya fi tsauri. Tsawon bututu na inci 16 ɗin da kake gani a kusan dukkansu daga dokar tarayya ta 1934 ya samo asali, yadda aka yi mata gyara a 1960, wadda ta sa bindigar kafaɗa mai bututu ƙasa da haka sai da rajista ta musamman, saboda haka kada ka taɓa tsawon bututun ko ka sauya mata wani abu ba tare da ka tabbatar da hukuncinsa ba. Jihohi kuma sun bambanta: abin da ya halatta a Ohio yana iya zama laifi a Kalifoniya, New York ko New Jersey, inda aka taƙaita gidan harsashi ga 10. Kafin ka tsallaka iyakar jiha da ita, ka bincika.

Ka ce kana da iyali, wannan ya sa ba zan wuce batun ajiya ba. Fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara su ne suka kashe kansu, ban da yaran da ke tsintar ta a ƙarƙashin gado ko bayan tufafi. Akwatin ƙarfe mai makulli ka lissafa shi cikin kuɗin bindigar tun farko. Ka kuma zauna da uwargida ku yi maganar kafin ta shigo gidan.

Idan abin da ka tanada bai wuce dala 600 ba gaba ɗaya, ni Hi-Point zan ce ka ɗauka, ragowar ka zuba a akwatin ajiya, gidajen harsashi na asali guda uku, harsashin gwaji, da darasi a hannun malamin harbi mai shaida. Idan za ka iya haƙurin wata biyu ko uku ka ƙara tari, Ruger ɗin ta fi daɗin koyo da sauƙin wanki, kuma gidajen harsashin Glock da za ka saya mata za su yi maka amfani in wata rana ka sayi fistol. Filayen harbi da yawa suna ba da hayar bindiga, sai ka tambayi naku ko suna da su biyun, ka harba akwati ɗaya a kowace kafin ka cire kuɗinka.