Sulallan da kaka ya bari: a haɗa su da sauran ko a ware?

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kakanka. Ka tambaya ko ka zuba sulallan da ya bar maka cikin tarin da ka daɗe kana haɗawa, da kuma ko ka goge su su yi ƙyalli.

Gogewar ce ta fi tayar min da hankali. Don Allah kada ka taɓa. Duhun nan da ke hawa kan azurfa da tagulla, masu tara sulalla so suke su gan shi, kuma man goge ƙarfe yakan bar ƙananan zane da ba sa gyaruwa. Ka riƙa kama su ta gefe, saboda maiƙon yatsa na barin tabo. Wajen ajiya kuma, ledar PVC (wani irin roba) mai laushi ma ka guje ta, in an daɗe takan fitar da wani koren danƙo mai cin ƙarfe.

Kuma kada shekarar da ke jiki ta ruɗe ka. Riyal ɗin azurfa na Maria Theresa, sarauniyar Austria ta da, duk wanda aka buga bayan rasuwarta 1780 ne a jikinsa, alhali an shafe sama da shekara 200 ana buga shi.

Ni dai ware nawa na yi. Huɗu mahaifiyata ta bar min, ɗaya ya side har rubutun ba ya karantuwa, mai saye ko kallonsa ba zai yi ba, amma shi na fi yawan ɗaukowa. Kowanne yana cikin ambulan ɗin takarda, na rubuta wa ya mallake shi da yadda ya zo hannunsa. Ka tambayi dattawan gidanku wannan tarihin tun suna raye, ka rubuta.