Amsa ga Kawu: yadda muke bin Almasihu a Ingila

Kawu, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiyar girbi? Yaya Inna da yara, yaya kuma ikilisiya? Saƙon muryar da ka sa aka turo mini ta WhatsApp ya iso. Ka ce labari ya zo muku cewa mu da ke Ingila sai Lahadi ta wuce ba mu leƙa majami'a ba, ba ma wa'azi, 'ya'yanmu ba sa durƙusa wa manya, sannan ka tambaya wane irin almajiranci ne ya rage mana. Har ka tuna mini cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na ga gara in amsa a fili, domin na san ba kai kaɗai ke da wannan tambaya a ƙasar Sumaila ba.

Abin da aka gaya maka game da ƙasar, gaskiya ne. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales, kashi 46 cikin 100 ne kawai suka ce su Kirista ne, alhali a 2011 kashi 59 ne. Kashi 37 suka ce ba su da addini. Akwai tsofaffin majami'u na dutse da suka koma gidajen haya da shaguna. Nan ce kuwa ƙasar Likita Mila, ɗan mishan da ya yi aiki a Zariya, ya kuma sa hannu a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. Duk sanda na wuce irin wannan gini, raina yakan ɓaci.

Amma ga abin da nake so ka fahimta. A gida, Kirista Bahaushe ba ya ɓuya. Kowa ya san gidajenmu a ƙauye. In ka ci bashi ka ƙi biya, ko ka tauye mudu a kasuwa, ba sunanka za a kira ba, cewa za a yi, "Ai ga halin Kiristocin nan." Wannan ido da ke kanku nauyi ne, amma yana tsare ku, ko mutum bai ji tsoron Allah ba zai ji kunyar jawo wa ikilisiya zagi. Nan babu wannan ido ko kaɗan. Maƙwabcinka bai san sunanka ba, balle addininka. Dattijon ikilisiya ba zai biyo ta ƙofarka ya ga ko ka fito sujada ba. Wanda kunya ce kaɗai ta riƙe shi a gida, yana zuwa nan sai ya saki. Wanda kuwa yake marmarin ya yi kama da Mai Ceto da gaske, nan ne abin yake bayyana, domin babu mai yaba masa.

Da yawa daga cikinmu a asibiti muke aiki, ko a gidajen kula da tsofaffi, galibi awa 12 a tsaye, wani lokaci da dare. Ƙa'idar aiki ta hana ka cusa wa majinyaci addininka, in ka yi kana iya rasa aikin. Wannan ne tushen maganar da ka ji cewa ba ma wa'azi. To, ka duba yadda aikin yake. Tsoho ne cutar mantuwa ta kama shi, 'ya'yansa sun daɗe ba su leƙo ba, ya ɓata jikinsa cikin dare. Kana wanke shi yana zaginka saboda launin fatarka, gari na wayewa ya manta ya taɓa ganinka. Ƙofa a rufe take, babu shugaba a kusa. Kana iya gogewa sama-sama ka fice, kana iya fizgar hannunsa don haushi, ba wanda zai sani. Kana kuma iya taɓa ruwan ka ji ko ya yi ɗumi, ka rufe masa tsiraicinsa, ka kira shi da sunansa cikin ladabi kamar yadda za ka yi wa kakanka. A nan ne muke tuna Yohanna sura 13, inda Ubangiji ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na wanda zai bashe shi. Muna kuma tuna abin da Bitrus ya rubuta, cewa da aka zagi Almasihu bai rama ba. Mun haddace waɗannan ayoyi tun a makarantar Lahadi, amma a ɗakin tsohon nan ne mutum yake gane ko sun shiga jininsa.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu, Kawu. Kai da kanka ka sha ba mu labarin asibitin masu cutar kuturta na Yadakunya da asibitin ido na Kano. Da yawa daga cikin kakanninmu ba gardama ce ta kawo su ga bangaskiya ba. Hannu suka gani yana wanke gyambon da dangi suke ƙyama, sai suka tambaya ko wane ne ya koya wa mai hannun haka. Mu ma akan tambaye mu. Abokan aiki da 'ya'yan tsofaffin sukan ce, "Me ya sa ba ka fushi?" In aka tambaya, bakinmu a buɗe yake.

Maganar Lahadi kuwa, kana da gaskiya a wani ɓangare. Asibiti ba ya rufewa, dole wani ya yi aiki ranar. Amma akwai masu neman aikin Lahadi da gangan don kuɗinsa ya fi, ga haya, ga buƙatun gida da waya ba ta daina kawowa. A ganina jarabarmu mafi girma a nan ita ce kuɗi da son a ce wane ya gina gida a Kano, ba Turawa marasa addini ba. Muna tsawata wa juna a kan wannan, wani ya ji, wani ya yi fushi.

Ranar Lahadi wanda ba ya aiki yakan je majami'ar da ke kusa da shi, da Turanci. Lokaci-lokaci kuma mukan haɗu mu yi sujada da Hausa, mutanen Filato, Kudancin Kaduna, Gombe, Adamawa, da mu Hausawan Kano da Katsina da ba mu da yawa. Mata su yi waƙoƙin Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, a ci tuwo da miyar kuka. Baƙo in ya sauka, wani zai ba shi ɗaki har ya samu nasa. In an yi rasuwa mukan haɗa gudummawa. Lokacin baikon girbi, ku dami kuke kaiwa gaban bagade, mu kuwa shinkafa da abincin gwangwani muke kaiwa inda majami'a ke raba wa mabukata, kuma da yawansu 'yan ƙasa ne. 'Yan'uwanmu Hausawa Musulmi da ke nan, muna zuwa sunansu, su kawo mana naman Sallah, mu kai musu abincin Kirsimeti, kamar dai yadda kuke yi.

Batun yara shi ne ya fi hana ni barci. Scotland ta haramta dukan yaro a 2020, Wales a 2022, a Ingila ma in malami ya ga tabo a jikin yaro hukuma za ta shigo gidanka. Yaron nan an koya masa a makaranta ya tambayi dalilin komai. Ba za ka ce masa "haka aka ce" ya yi shiru ba. Yana lura ko yadda ubansa yake addu'a a taro haka yake magana da uwarsa a gida, kuma in ya ga bambanci zai faɗa. Muna koya musu gaisuwa da rusunawa, wasu suna yi, wasu sai an tuna musu. Hausarsu kuwa tana raguwa, Littafi Mai Tsarki da Turanci suke karantawa.

Saboda haka ina roƙon abu guda. Ka sa wani cikin matasa ya ɗauki muryarka da ta sauran dattawa a waya, ku ba da labarin yadda bishara ta shigo ƙauyenmu, wa ya fara karɓa, me aka yi masa, yaya ya amsa. Ku haɗa da waƙoƙin Zumuntar Mata. Za mu kunna wa yaran a taronmu na gaba, mu fassara musu inda ba su gane ba. A gaida Inna, da fasto, da dukan ikilisiya.