In leza ta daina ratsa katako, kada ka fara da ƙara wuta

Ka ce injin leza, mai yanka da haske, da a da yake ratsa filawud mai kaurin milimita 3 a zagaye ɗaya, yanzu sai ya yi biyu ko uku, bakin yankan ya yi baƙi ƙirin. Ka ƙara wuta, ka rage gudu, abin dai bai gyaru ba, shi ne kake tambaya ko kwalbar leza, wato dogon bututun gilashin da ke samar da hasken, ce ta mutu a sayo sabuwa.

To ɗana, kafin komai mayar da wutar nan inda ka same ta. Ƙananan injunan nan da ake kira K40 an rubuta musu wat 40, amma kwalbarsu ba ta cika kai wa nan ba, kuma ba ta son a wuce miliamfa 18 a mitar da ke auna wutar da ke bi ta cikinta. Ni a 15 nake tsayawa. Duk abin da ka ƙara sama da haka ba ƙarfin yanka kake samu ba, kwanakin kwalbar kake ci. Kuma kwalba ita ce abu na ƙarshe da nake tuhuma. Haske yana fitowa daga bakinta, ya bugi madubi uku, ya ratsa lensi, sannan ya sauka a kan katako. A kowane zango ana iya yin asararsa, don haka daga katakon za ka faro, ka bi hanyar da baya.

Sauya abin yankan tukuna. Filawud ba abin yarda ba ne wajen gwaji: wani yana da danshi, wani gam ɗin da ke tsakaninsa ba ya yankuwa, ko da kaurinsu ɗaya. Ɗauki guntun akirilik, robar nan mai kama da gilashi, da ka san gudun da yake yankuwa da shi. In ya yanku kamar da, injinka lafiya lau.

In bai yanku ba, kashe inji, kwance kan injin, wato ɓangaren da ke yawo a saman katako yana sauke haske, ka fito da lensi ka ɗaga shi a haske. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. Hayaƙin katako yana da danƙo, yana hawa ya manne a ƙasan lensin, musamman in iskar da ke hura bakin kan ta yi rauni ko tiyonta ya lanƙwashe. Dattin ya sha haske, ya yi zafi, ya ƙone rufin lensin, wata rana ma ya tsaga shi. Goge shi da sifirit mai kyau, isofurofil, da tsinken auduga, a hankali, shafa ɗaya ka juya audugar. Kada ka sa bakin riga, kada ka taɓa fuskarsa da yatsa, kuma ka wanke hannu bayan ka gama, don sinadarin da aka yi shi da shi ba na kai wa baki ba ne. In bayan gogewa akwai tabo ko hazo da ya ƙi fita, ya gama aiki. Wajen mayarwa, gefen da ya yi tudu shi ne sama. Yara da yawa suna kifa shi, su yi ta mamakin yankan da ya yi faɗi.

Sai tazara. Lensin da aka fi sa wa waɗannan injuna yana tattara haske ne a milimita 50.8 daga jikinsa. Kuskuren milimita biyu ko uku ya isa ya mayar da yanka ƙuna. Jingina siririn katako a karkace, gefe ɗaya sama gefe ɗaya ƙasa, ka ja layi ɗaya a kansa. Inda layin ya fi siranta, nan ne tsayin gaskiya. Auna shi ka yanka ma'auni ka rataye a jikin injin.

Madubai ukun ma su sha gogewa iri ɗaya, har da na farko da ke can baya kusa da kwalba, wanda kowa ke mantawa da shi saboda ba a ganinsa.

Yanzu ga tambayar da ba ka ba ni amsarta ba, kuma ita ce ta fi muhimmanci: raunin nan ko'ina yake a kan gadon injin, ko a wani lungu ya fi? In yana yanka da kyau kusa da madubin farko amma ya gaza a lungun da ya fi nisa, to saiti ne ya goce, ba ruwan kwalba. Liƙa salatif na takarda a gaban madubi na biyu, ninki biyu, kada ya manne wa fuskar madubin. Matso da madubin kusa da na farko, rage wuta ƙasa sosai, rufe murfi, danna maɓallin gwaji sau ɗaya, ƙyas. Ka matsar da madubin zuwa can ƙarshe ka sake dannawa. Tabon biyu dole su hau kan juna. In sun rabu, sukurorin da ke bayan madubi na farko za ka murɗa, kaɗan-kaɗan, kwatan zagaye ma ya yi yawa. Burinka shi ne tabo na nesa ya zo kan na kusa. Zancen ya faɗi tsakiyar madubi yana zuwa daga baya. In ka gama da wannan ka mayar da salatif gaban madubi na uku, ka yi haka nan a kusurwoyi huɗu, kana murɗa sukurorin na biyu. A ƙarshe sa salatif a ƙarƙashin bakin kan. Tabon ya fito zagaye. In ya fito kamar an gutsure gefe, ko bakin kan yana ɗaukar zafi, hasken yana gogar ƙarfe kafin ya fita, kuma abin da ya goga ya tafi ke nan.

Na ce ka rufe murfi, ba don tsoro ba. Hasken nan tsawon zangonsa maikuromita 10.6 ne, ido ba ya ganinsa. Jan ɗigon da kake gani wata ƙaramar fitila ce ta nuni. Na gaskiyar sai ya ƙone ka kafin ka san ya zo.

Duba ruwa. Kwalbar gilashi tana son ruwa tsakanin digiri 15 da 25. Da ya haura haka ƙarfi zai fara sauka, shi ya sa inji ke yanka da kyau da farko, bayan rabin awa ya lalace. In haka naka yake yi, sa ma'aunin zafi a bokitin kafin ka taɓa ko sukuru ɗaya. Leƙa kwalbar ko akwai kumfar iska da ta maƙale, musamman a bakinta biyu, don inda kumfa ta zauna ruwa ba ya sanyaya wurin. Tataccen ruwa za ka zuba, irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ɗin ba. Kada kuma ka cika ƙanƙara har gilashin ya fara gumi, raɓa da wuta mai ƙarfi ba sa haɗuwa. Na'urar nan CW-3000 da ake sayarwa da sunan mai sanyaya ruwa, fanka ce kawai da radiyeta, ba ta iya kai ruwa ƙasa da zafin ɗakin. Mai kwamfiresa irin CW-5200 ita ce ke sanyayawa da gaske.

Sai mun wuce duk wannan sannan mu zo ga wuta da kwalba, kuma a nan mita ce alƙali. Kashi cikin ɗari da allon injin ke nunawa ba wat ba ne, ba kuma miliamfa ba. In injinka ba shi da mita mai allura, a sa masa, a kan wayar da ke dawowa daga ƙarshen kwalba, ba jar wayar ba. Jar wayar tana ɗauke da wajen bolt 20,000, kuma akwatin wutar da ke ba kwalba wuta yana riƙe caji bayan an zare soket. Wannan gefen kada ka buɗe shi in ba na nan.

Karatun mitar kuwa ba wuya. In allura ta ƙi kai inda ta saba, ko tana rawa, ko kana jin tas-tas a baya, laifin na akwatin wuta ne, ko wayar da ta saki, ko wuta na tsallakawa zuwa jikin inji. Akwatin yana da nasa maɓallin gwaji. Da ruwa na gudana, in an danna shi allura ta hau daidai amma a lokacin aiki ba ta hawa, to umarnin da ke zuwa daga allo ko kwamfuta ne ya yi ƙasa. In kuma allura tana nuna 15 cif, madubai fes, ruwa da sanyi, amma yanka babu, sai mu juya ga kwalba.

Sa salatif tsakanin bakinta da madubin farko, ka danna sau ɗaya. Lafiyayyiyar kwalba tana ba da tabo zagaye, cikakke, tsakiyarsa ta fi ƙuna. Zobe mai fanko a tsaka, ko jinjirin wata, ko tabo biyu, alamar ta gaji ce. Launin wutar cikinta ma yana magana: mai lafiya ruwan hoda ne da ya ja zuwa shuni, mai mutuwa tana kodewa ta yi fari-fari. Iskar da ke ciki, kabon dayoksaid da naitirojin da hiliyam, a rufe take, tana lalacewa da aiki, tana lalacewa ma da zama. Ba a gyara ta a shago.

In ta kai ga saye, duba ranar da aka yi kwalbar a jikin takardarta, kada a ba ka wadda ta daɗe a ajiye. Tsayinta da ƙarfinta su dace da akwatin wutarka. Ta wat 40 tana kai wajen santimita 70. Wajen ɗaurawa juya ta yadda bakin fitar ruwa zai kalli sama don kumfa ta samu hanya, kada ka matse maɗaurinta, kuma ka sani saitin madubai zai koma sabo tun daga na farko.