Tambaya da Amsa: Bututun Jirgin Baba Ya Ƙi Zama

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ya bar mana wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa na ado samfurin Hornby, kai ɗaya da tarago uku. Autana ya jawo shi daga kan kabad, bututun hayaƙin ya ɓalle. Sau biyu ina zuba masa sufa gulu yana sake cirewa, yanzu ma wajen ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya gafarta wa Baba, ya raya autan. Don Allah kada ki yi zubi na uku. Gam a kan busasshen gam ba ya kamawa, tudu kawai yake ƙarawa har bututun ya kasa komawa mazauninsa. Farin da kika gani kuwa tururin sufa gulu ne da ya sauka a kan fenti saboda an zuba da yawa. Kuma wannan gam da danshin iska yake bushewa, shi ya sa a hunturun Jos yakan yi nawa, mutum ya ɗauka bai isa ba ya ƙara.

Ki fara da kankara. Ki samu sabuwar reza, ki zauna inda haske yake, ki shimfiɗa farin ƙyalle don kada ɓarɓashi ya ɓace, ki riƙa cire tsohon gam a hankali daga ɓangarorin biyu. Wasu za su ce ki sa ruwan goge jan farce. Yana narkar da gam ɗin, gaskiya ne, amma yana cin roba da fenti, ni ban yarda a kai shi kusa da kayan gado ba. Idan kin gama, ki ɗora bututun haka nan babu gam. In ya zauna daram ba ya rawa, to an yi rabin aiki.

Sai ki gane da me aka ƙera kan jirgin. Na da, irin Hornby Dublo da aka fara a 1938, jikinsu ƙarfe ne na zubi, za ki ji nauyi da sanyi a tafin hannu. Na baya yawanci roba ne. Akwai gam na musamman da ke narka irin wannan roba ya haɗe ta, sai dai samunsa a nan da wuya. Abin da zan ba ki shawara, ko ƙarfe ne ko roba, shi ne gam ɗin Araldite mai kwalba biyu, wanda ba ya wuyar samu a shagunan kayan gini da ke yankin Terminus a Jos. Ki matso daidai wa daida a kan murfin kwalba, ki cakuɗa sosai da tsinken sakace, ki ɗebi kamar ƙwayar gero ki shafa a tsakiya. Wanda ya tsattsafo ki share nan take. Ki dube shi ta gaba da ta gefe don kada ya karkace, ki tallafe shi da salatif na takarda, ki bar shi awa 24 ko da an rubuta minti 5 a kwali.

Bututu abu ne mai tsayi da ƙaramin gindi, bugu kaɗan daga gefe ke karya shi. Na taɓa gyara irinsa, sai da na kai wa mai gyaran agogo ya huda ɓangarorin biyu da siririn abin hudarsa, muka sa guntuwar waya a ciki kafin gam. Har yau yana nan. In gilashin taga ya faɗo nan gaba, farin gam na kafinta za ki sa, yana bushewa garau.

Autan kuma kada a yi masa faɗa da yawa. Ki kai shi wajen gidan tarihi na Jos ya ga tsoffin kawunan jirgin da suka yi jigilar kuza a siririn layin Zariya zuwa Bukuru, wanda ya iso a 1914 aka rufe shi a 1957. Ki nuna masa bututun na gaske, ki faɗa masa aikin da kakansa ya yi.