Amsa ga mai tambayar wace mota ce ta fi muni

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka sa hoton Fiat Multipla da Nissan Juke, ka ce mu faɗi wadda ta fi muni. Sana'ata gyaran jikin mota ne da fenti a nan Sakkwato, kuma kallon da nake yi wa mota ya ɗan sha bamban da na mai saye.

Multipla, wadda aka fito da ita a Italiya a 1998, fuskarta ba ta da daɗin kallo, wannan ba gardama. Wancan kumburi da ke ƙasan gilashin gaba, da fitilu a liƙe a jikinsa, shi ke korar mutane. Amma ka leƙa ciki. Kujeru uku a gaba, uku a baya, gilasai manya, direba na ganin ko'ina. Wanda ya zana ta ya san magidanci yake yi wa aiki. Juke ta 2010 fa? An ɗora fitilu a kan bonet, an matse kujerar baya, an rage but, duk don a kalle ta. Ita na zaɓa a matsayin wadda ta fi muni.

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne yayin da ake yi na ƙaton baki a gaban mota. Tun wajen 2012 Lexus ta buɗe gaban motocinta daga bonet har ƙasa, BMW ma ta bi sahu da nata salon a 2020. Mafi yawan wannan baƙar raga roba ce, wani sashen ma a toshe yake, iska ba ta ratsawa. Kwanan baya aka kawo mini wata mai irin wannan gaba, ta daki tudun rage gudu. Bamba ta tsage, ƙananan maƙalan da ke riƙe ta sun karye, ƙura ta cike kowane lungu na ragar, sai da buroshin haƙori yarona ya wanke ta. Da ƙarfe ne sai in buga ya miƙe. Wannan kuwa sai dai a nemo wata daga Kano ko Legas, mai mota ya yi ta jira.

Rufin gilashi kuma, a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ban ga amfaninsa ba.

Ka dubi Peugeot 504, zanen kamfanin Pininfarina, ta 1968, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Layukanta a miƙe, cikinta a ɗage daga ƙasa, ba wani ƙyale-ƙyale. Har yau in mai lafiya ta wuce, dattawa sai sun waiga. Ban ce a koma baya ba. Dokokin kare masu tafiya a ƙasa da neman rage shan mai su suka sa gaban motocin yanzu ya yi tudu, bayansu ya zube. Amma doka ba ta ce a cika mota da ramukan iska na ƙarya ba.

In saye za ka yi, ka tsuguna ka duba tazarar bamba da ƙasa, ka zauna a baya ka ji ko hularka na taɓa rufi, sannan ka tambayi kuɗin fitila guda kafin ka biya.