Kafin ku buga kalanda, ku fara neman waɗanda take riƙe da su

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya sa can ta fi mata nan, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi. Kin ce mahaifiyarku ta rasu a ƙauyenku da ke ƙasar Ringim, arba'in na ƙaratowa, kuma kan 'yan'uwa ya rabu: wasu na so a buga kalanda da hotonta a kafa rumfa a yi girki, wasu na cewa a bari. Ke kuma damuwarki kada nan da 'yan shekaru jikokinta su manta ko wace ce ita. Mu ma mun shiga wannan halin da Innarmu ta rasu, kuma garinmu ba nisa da naku, kasuwar Gujungu muke ci ran Lahadi.

Taron arba'in ba zan tsoma baki a kansa ba. Malamai sun saɓa, ku tambayi wanda gidanku ya yarda da shi. Roƙona kawai kada a ci bashi saboda shi, kada kuma a taɓa abin da ta bari kafin a raba gado.

Abin da ya fi gaggawa shi ne bashinta, kuma a nan ake yawan yi wa iyayenmu mata sakaci ba da gangan ba. A wajen jana'iza maza kan yi shela cewa duk mai bin mamaciya bashi ya zo ya faɗa. To waɗanda suke hulɗar kuɗi da ita ai ba sa wajen, suna cikin gidaje, kuma ko sun ji, kunya ba za ta bar mace ta shigo gidan makoki ta ce tana bin kuɗi ba. Inna ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi tun muna yara. Sai da ni da ƙanwarta muka bi ɗaki-ɗaki sannan muka gano ta kwashi adashi, saura zubi a kanta. Mai gyaɗar da ke ba ta buhu ta biya bayan ta sayar yana bin ta ragowar kuɗi, bai ce uffan ba. Akwai matan da suka ba ta ajiya don kada mazajensu ko 'ya'yansu su gani, kowanne ƙulli daban a ƙasan adakarta, ba rubutu, a kanta take riƙe da lissafin. Akwai awakin da ta ba da kiwo a wata ruga, waɗanda su kuma shiga gado za su yi. Ga kuma biki: wadda ta kawo wa Inna gudummawa a auren 'yarta tana sa ran ramuwa ranar nata. Wannan ba bashi ba ne da alƙali zai saurara, amma mata sun san nauyinsa, kuma mu muka ci gaba da kaiwa da sunanta. A Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, Allah Ya sa rabon gado bayan wasiyya da bashi. Don haka ki samu uwar adashinta da babbar aminiyarta, ku keɓe ku uku, ki ce don Allah kada su rufe miki komai.

Daga nan ki buɗe ido ki ga waɗanda rasuwarta ta yanke wa abinci. Ba za su zo su gaya miki ba. Mu sai bayan 'yan zaman makoki sun watse muka fara lura. Almajirin da ke ajiye kwanonsa a bakin ɗakinta kullum da magariba ya ci gaba da zuwa yana tsayawa a zaure, ba ya ko yin bara. Wata tsohuwa makauniya a bayan gidanmu ashe furarta ta rana daga hannun Inna take fitowa, shekara da shekaru, mu da muke aiko da kuɗi daga Kano ba mu sani ba. Mun ɗauka sabulu da goro take saya.

Mafi nauyi su ne marayun yayarmu. Sanƙarau ɗin 1996 ne ya ɗauke ta, Inna ta kwaso yaran ta riƙe, ƙaramin a bayanta ya girma. Ta aurar da macen da kuɗin man gyaɗa, ta yi mata jere ba wanda ya ji. Da aka zo rabo, malam ya bayyana mana cewa su ba su da gado, tunda uwarsu ta riga Inna rasuwa kuma ga 'ya'ya maza a raye. Hukuncin Allah ne, ba mu ja ba. Amma malamin ya karanto mana aya ta 8 a surar nan, wadda ta ce idan dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu daga ciki, a kuma gaya musu magana mai daɗi. Kowannenmu ya cire daga kasonsa da yardar ransa, aka bar musu awaki da gayaunar da take nomawa. Idan akwai irin waɗannan a gidanku, ƙanwata, ki tsaya musu tun kafin ranar rabo. Su ne suka yi rashin uwa sau biyu.

Ƙawayenta ma kada ku yar. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Duk zuwana gida sai na shiga wajen aminiyar Inna da ɗan goro da turare, da Babbar Sallah kuma a kai mata nama kamar yadda aka saba. Takan riƙe hannuna ta yi ta kuka tana sa albarka, kuma a bakinta na ji rabin tarihin uwata.

Wannan ya kawo ni kan ainihin tambayarki. Iyayenmu ba sa ba da labarin kansu. Matar da ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa saboda alkunya, ba za ta zauna ta lissafa miki wahalar da ta sha ba. Labarinta yana wajen sa'o'inta, ƙannenta, har da abokiyar zamanta in tana raye, kuma su ma tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya. Kada ki jira. Ki nemi izininsu ki kunna waya ki ɗauki muryarsu. Kada ki tambaye su shekara, ba da ita suke lissafi ba. Ki tambaye su abin da ya faru a lokacin, ke sai ki mayar da shi shekara. Da haka muka gane an kawo Inna gidan Baba a shekarar da aka kashe Sardauna, wato 1966. Tana goyon yayana lokacin farin 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam. Sun ba ni labarin yadda take raba tuwo ta ce ita ta ƙoshi, alhali ruwan kanzo ta sha. Sun tuna lokacin da ake lodin gyaɗa a tashar jirgin Ringim, kan layin dogon Kano zuwa Nguru, da yadda cuta ta cinye gyaɗar a 1975 har sana'arta ta tsaya ta koma dakau da surfe a gidajen mutane. Da aka zo ɗibar yara makarantar boko a 1976, mata da yawa ɓoye 'ya'yansu suka yi, ita ta bar yayana ya tafi, daga baya ta tsaya kai da fata sai da ni ma aka sa ni. Aikin da nake ci yau daga nan ya samo asali, kuma ba daga bakinta na ji ba.

Na sa ɗana ya rubuta duk wannan a littafi, da Hausa, yadda tsofaffin suka faɗa, ba gyara. Aka buga a kwamfuta aka ba kowane gida. Na ga kalandun mamata da yawa sun ƙare a hannun mai ƙosai bayan shekara ta juya, abin yana yi mini ciwo. Littafin nan kuwa jikokinta suna karanta wa ƙannensu, har da tatsuniyoyinta da waƙar da take yi in tana matsar mai. Wadda aka sa wa sunanta, da muke kira Ummi, ta haddace shi kusan duka. Ki koya wa yaran su riƙa ambatonta a addu'a bayan salla, domin hadisin Muslim ya ce aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwa sai uku: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a.

Idan akwai kuɗin da kuka tara don rumfa da girki kuma kuka yarda a juya shi, ni ruwa zan ce. Sa'adu bin Ubada ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ta fi ga mahaifiyarsa da ta rasu, ya ce masa ruwa, sai ya haƙa rijiya ya ce ta Ummu Sa'ad ce. Ba sai kun haƙa sabuwa ba. Mu famfon tuƙa-tuƙa na unguwarmu da ya daɗe a lalace muka gyara, wanda Inna ta sha aiken jikoki nesa saboda mutuwarsa. Ku ware kuɗin gyara na gaba ku damƙa wa mutum ɗaya mai amana, don famfo yana lalacewa, in ba mai kula sai ya koma yadda yake. Wanda ba shi da hali ya ajiye randa a ƙofar gida ko ya dasa darbejiya.

Sai maganar ɗakinta. Kada ku garƙame shi. Uwa ce ke tara 'ya'ya, da zarar ta kau sai kowa ya fara cewa wa zan je in tarar. Mu mun zaunar da ƙanwarta a ciki, muka yanke cewa Ƙaramar Sallah a gida za a riƙa yi, kowa da iyalinsa, wanda ba shi da kuɗin mota a haɗa masa. Ku yanke naku tun yanzu da kuke tare a wuri ɗaya, ku faɗi watan, ku faɗi wanda zai riƙa kiran kowa.