Abin da Ke Faranta Rai a Zaman Ƙauye

Assalamu alaikum. Malam, ka ce an tura ka koyarwa wani ƙauye da babu wutar lantarki, babu famfo, kana tambayar abin da mutanen karkara ke samu a yininsu har ake ganinsu cikin walwala. Ni a wani ƙauye na ƙasar Gumel aka haife ni, kuma har yau can nake noma, saboda haka zan gaya maka abin da na gani da idona, ba tare da na ɓoye maka cewa wahalar ma tana nan ba.

Yawancin abin da ke sanyaya mana zuciya sai mun daɗe muna jiransa kafin ya zo. Bayan an sha zafin bazara a watannin Afrilu da Mayu, ana kwana a tsakar gida domin ɗaki ba ya shiguwa, rijiya ta ja baya har sai an ƙara wa guga igiya, wata rana da la'asar sai hadari ya haɗo daga gabas, mata su hau kwashe shanya, awaki su ruga gindin rumbu. Ƙamshin da ƙasa ke yi idan ruwan farko ya sauka kanta ya isa ya sa dattijon da ya kwana biyu yana ɗaure fuska ya fara zolayar jikokinsa. Idan ruwan ya kai na shuka, washegari magidanci na gaba da sungumi, yara na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige.

Amma ni a wurina babu kamar tumu. A watan Agusta, lokacin marka, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, gidaje da yawa kwaɗon tafasa ko na rama da ƙuli-ƙuli ne abincin ranarsu, ga kuma aikin gona bai sassauta ba. Cikin wannan hali gero zai yi bununi, ya zuba ido, sai ranar da mai gona zai karyo zangarniya kaɗan, a hura wuta a bakin gona, a babbaka, a murje a tafin hannu, a hure ƙaiƙayin, a watsa a baki da zafinsa. Abin da ka ci bai cika tafi ba, amma daga ranar kowa ya san yunwar bana ta juya baya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba mai yawan magana ba ne, sai dai ranar tumun farko yakan dawo gida yana gaisawa da kowa a hanya, har da waɗanda suka yi saɓani kan iyakar gona. Ba a jimawa kuma za ka fara jin lugude daga gida zuwa gida, a dama furar sabon gero da nonon da Fulani suka kawo, wadda ta kanti ba ta kama ƙafarta ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna da daɗi. Yaro ya tsinto ƙwan zabi a cikin ciyawa da damina. Ranar Alhamis maigida ya dawo daga kasuwar Maigatari da rake a ɗaure a bayan babur, yara su tarye shi da oyoyo tun daga bakin gari. Da rani kuma akwai inuwar gawo, itacen da ke kakkaɓe ganyensa da damina, ya yi kore shar sa'ad da sauran suka bushe, tumaki na kalar 'ya'yansa a ƙasa.

Shawarata ita ce kada ka kulle kanka a ɗaki da waya bayan an tashi daga makaranta. Ka riƙa fita bayan sallar isha'i wajen tabarmar da ake shimfiɗawa a ƙofar gidan mai unguwa, inda ake sauraron rediyo ana musu kan farashin taki, kuma idan damina ta kusa ka roƙi a ara maka ko da kunya 10 ce ka shuka gero da wake. Tun kafin nan ma za ka ga an fara aiko maka da kwanon tuwo da dare daga gidajen ɗalibanka. Ka karɓa da hannu biyu, ka aika da godiya, kuma kada ka manta da tukwicin yaron da ya kawo.